Mai Tatsar Iska Ya Kwanta Dama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, sha tara ga watan Agusta na shekarar 2025, cikin kwanakin ƙarshe na watan Safar, Allah Ya karɓi ran baffana, wan mahaifina, Malam Idirisu Mu'azu, tsohon ma'aikacin samar da ruwan sha, a nan Dutse. Ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya dawo ya shiga rumfarsa ta bayan gida kamar yadda ya saba, ya fito yana dafe da ƙirji. Tun hantsi bai dubi ludayi ba ya cika a asibiti.

Baffa, tun daga wannan safiya zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana a rumfa, in na shiga rumfa sai in rasa abin da ya kawo ni. Wannan rubutun ma a tsaye na yi rabinsa. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin cewa kai mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, mai kyakkyawar mu'amala. Ban ƙaryata su ba. Sai dai waɗannan siffofi ne na gama-gari, irin mayafin makara, wanda ake lulluɓa wa kowane mamaci, a ninke a ajiye wa na gaba. Ni kuwa Musaddiq, ɗan ƙaninka, wanda ka laƙaba wa Farfesa tun ina koyon haɗa baƙi, ban yarda a sallame ka da yabon aro ba. Ina da'awar cewa babu wanda ya fi ni sanin damunarka ta ƙarshe, kuma duk mai ja da wannan da'awa ya kawo burhaninsa.

Kai ka ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Taura ina ɗan firamare, ka ce wa mahaifina yaron da ke tambayar dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa ba a bar shi wajen awaki ba. Ranar da na samu gurbin karatun Fiziks a jami'ar Kafin Hausa, kai ka goya ni a babur, katifata a naɗe tsakaninmu, kana ta gaida mutanen hanya kana gaya musu inda za mu, alhali babu wanda ya tambaye ka. Ƙuruciyarka a bin bututu ka ƙarar da ita, daga Ringim zuwa Taura zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga in ruwa ya sauka. Har gobe akwai garuruwan da in famfon tuƙa-tuƙa ya lalace sai su ce a nemo Idi Famfo, ba su san ka yi ritaya ba, kai kuma ba ka taɓa gaya musu ba. Sai ka ɗaure jakar sufanu a bayan babur ka tafi. Falsafarka ta aiki jimla ɗaya ce, kuma na ji ta fiye da yadda na ji sunana: ruwa ba ya gardama, gangara kawai yake nema.

Dubi hikimar Ubangiji. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai wa jama'a ruwa, shi ne ya ƙarar da tsufansa yana korar ruwa.

Da ka yi ritaya, tsararrakinka suka sayi gonaki da tumaki. Kai sai ka sayo kwamfuresa, wato injin matsa iska, tsoho, mai jan tanki kamar bajimi a kwance, ka haɗa da bindigar feshin fenti. Ka ce tun kana saurayi kake sha'awar ganin yadda tsohon ƙarfe ke komawa sabo. Ƙofofin maƙwabta suka fara canza launi, sannan tankunan babura, har da keken ɗinkin wata bazawara da ka mayar baƙi wuluk mai sheƙi, ta zo tana godiya kana ce mata ai injin ne ya yi.

Sai maganar motar ta taso. Gari ya faɗaɗa, maƙabartar da muke kai namu ta yi nisan da kafaɗa ba ta iya kai makara, ta koma can bayan duwatsu. Bayan Babbar Salla wani bawan Allah da bai so a ambaci sunansa ya ba masallacin unguwarmu tsohuwar bas domin ɗaukar gawa. Injinta lafiya lau, amma jikinta duk tsatsa da lotsawa da ragowar rubuce-rubucen 'yan tasha. Shugaban kwamitin masallaci shi ne Alhaji Ɗan'inna, amininka, Babarbaren da bai taɓa barin Bafillace ya sha ruwa cikin natsuwa ba. Ka je ka same shi ka ce a ba ka motar ka gyara mata jiki saboda Allah. Ya ce mamaci ina ruwansa da launi? Amsar da ka ba shi na riƙe ta kamar karatu:

"Motar da mutum zai hau sau ɗaya, ba zai ga jikinta ba, ba zai kuma iya ƙorafi ba, ai ita ta fi cancanta a gyara. Mai rai in an ɗauke shi a akwala da bakinsa."

Aka kawo ta bayan gida. Ka cire kujeru, ka sa aka walda dogayen ƙarafan da makara za ta zauna a kai, ka cike ramuka da foti, ka goge da samfefa, ka fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan ka bi shi da fari. A lokacin damina ta kankama. Washegari muka zo muka tarar da jikin motar ya feso da ƙuraje, ƙanana birjik, daga goshi har ƙofar baya. Alhaji Ɗan'inna ya zagaya ta, hannuwa a baya.

"Ɗan Fulani, ƙyanda ce ko ƙarambau? In kira masu rigakafi?"

Ka karɓi allura ka huda ƙurji ɗaya, ka duba bakin allurar, ka ce cikin muryar wanda tsohon abokin aiki ya ci wa amana: "Ruwa ne."

A nan ne na shigo fage, kuma ba zan yi tawali'un ƙarya ba, domin mas'alar a tsakiyar fannina ta faɗo. Na yi maka bayani cewa iskar damina ƙunshe take da laimar da ido ba ya riska. Injin yana zuƙo ta ya matse, matsin ya zafafa ta, iska mai zafi kuwa tana ɓoye laimarta a matsayin tururi. Sai ta bi tiyo ta huce, tururin ya koma ruwa, kamar gumin da ke kwanciya a murfin tukunya, ya fito ta bakin bindiga a cakuɗe da fenti. Matatar ruwan da ka ɗaura a bakin injin kuwa, na ce, an naɗa ta muƙami a inda ba ta da hurumi, domin tana tsare hanya a wurin da ruwan bai riga ya zama ruwa ba. Na kawo nazariyya, na kawo ƙa'ida, na zana a ƙasa da tsinke. Ka saurare ni har na dire.

"Farfesa, rage mini Larabcin."

"A huce iskar kafin a tace ta, Baffa."

"To. Da ka faɗi haka tun farko da mun sha shayinmu da zafi." Sannan ka juya ka ƙura wa katangar bayan gida ido, na ga leɓenka yana motsi, na san ka soma awo.

Alhaji Ɗan'inna ya kawo shawara biyu: ko a jira rani iska ta bushe da kanta, ko a miƙa motar ga masu fenti na bakin titi su shafe ta a wuni ɗaya. Ka ce mutuwa ba ta jiran rani, alkawari kuma ba riga ba ce da za ka tuɓe ka ba wani ya sa. Ka cire ƙofofin motar da gilasanta, ka kankare farin nan kaf har ƙarfe ya bayyana, muka koma farko.

Ni na kawo dalili, kai ka kawo hanya. Abin da ka gina a jikin katangar nan, Baffa, in da adalci a duniyar ilimi da ɗalibai ake kawowa su gani. Na ce mu yi da bututun roba, ya fi sauƙin yanka. Ka ƙi, ka ce roba in iska ta fasa ta ba tsagewa take ba, tarwatsewa take kamar kwalba, kuma a gidan akwai masu wucewa. Ka nemo bututun ƙarfe irin na aikinka na da, ka bi da shi bango, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, domin iska ta yi doguwar tafiya tana ba ƙarfe zafinta. A gindin kowace sauka ka bar guntun bututu mai ɗan famfo a ƙasa, inda ruwa zai taru a zubar. Duk inda bututu ya miƙe a kwance ka ba shi 'yar gangara, ka auna da farin tiyo mai ruwa irin na magina, kana cewa ko kaurin gashi ne ruwa zai gane. Inda za a ɗebi iskar aiki kuwa ta saman bututu ka ɓullo da shi, domin ruwa ƙasa yake bi, ba ya hawa. Sai can ƙarshen tafiya ka kafa matata, da geji mai daidaita ƙarfin iska, da gorar wasu ƙananan duwatsu masu shan laima, shuɗaye, waɗanda ke komawa ruwan hoda in sun ƙoshi. Tiyo sabo fil ka saya, wanda bai taɓa ganin mai ba. Injin kansa ka fitar da shi waje ka yi masa 'yar rumfarsa daban, kada tartsatsin wuta ya haɗu da tururin tina, sinadarin da ake tsinka fenti da shi.

Saura abu ɗaya da har ka tafi ba mu daidaita a kansa ba, wato randa. Tsakanin inji da bango muka naɗe bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, muka nutsa shi cikin randa cike da ruwa, iska ta ratsa sanyin ta fito a huce. Ina nan a kan bakana cewa ra'ayina ne. Kai ma ka tafi a kan bakanka cewa naka ne. Wadda ba ta shiga muhawarar ba ita ce mai randar, matarka, Inna Adda, wadda ta wayi gari ta tarar da gurbin randarta wayam a gindin dabino. Bayan randa ka ɗauke mata kasko, domin gasa duwatsun nan in sun jiƙe. Bayan kasko ka ɗauke madubin ɗakinta. Ranar ta tsaya a bakin rumfa, hannu a ƙugu.

"Malam, saura me? Randa ta tafi, kasko ya tafi, yau madubi. In ana cusa mace a bututun nan, faɗa mini tun yanzu in yi wanka."

Ka ce mata ta yi haƙuri, lada ce ake rabawa kuma kasonta ya fi na kowa. Ta ce ladar ba ta hana ƙarar injin shiga kunne.

Daga nan ka ɗora wa kanka wata al'ada da ba ka taɓa saɓawa ba. Kullum in ka dawo daga asuba sai ka tsuguna a ƙarƙashin tankin da tsohuwar tasa, ka murɗa bawul ɗin gindinsa, ruwa mai launin tsatsa ya tsiyayo har sai iska zalla ta biyo baya da huci. Sannan ka bi famfunan bango ɗaya bayan ɗaya. Ka ce tankin da aka bari da ruwa daga ciki yake ruɓewa, ba a gani sai ranar da zai fashe. Alhaji Ɗan'inna yakan leƙo ta kan katanga a hanyarsa ta komawa gida.

"Kakanninka sun tatsi saniya sun sha nono. Kai ka ƙare a tatsar iska kana samun tsatsa."

"Ko tsatsar ce," kakan ce ba tare da ka ɗago ba, "Babarbare sai ya roƙa zai samu."

Da a ce labarin duka raha ne da na iya zama na rubuta shi. A tsakiyar aikin nan Allah Ya yi wa Iya Luba rasuwa, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu. Ranar ruwa aka wuni ana yi. Motar masallaci tana bayan gidanka babu ƙofa babu gilashi. Aka aro a-kori-kura, aka shimfiɗa makara a buɗaɗɗen bayanta, aka rufa tamfol, mutane suka riƙe gefunansa iska tana fizga. Kafin mu isa maƙabarta likkafani ya jiƙe. A wajen binnewa wani ya faɗa, da muryar da ya tabbata za ka ji, cewa unguwa tana da mota amma tana can ana yi mata kwalliya. Ka dawo jagab, ba ka ci abinci ba, ka zauna a kan benci kana kallon bangon bututunka kamar wani ne ya gina shi.

"Farfesa, anya ba son raina nake kira alkawari ba?"

Na miƙe na yi maka jawabi mai tsawo a kan ingancin aiki da matsayinsa a addini da wayewa. Ban yi tsammanin ka ji ko rabinsa ba. Abin da na sani shi ne daga ranar gaggawa ta shige ka. Ka daina hutun azahar. In an ɗauke wuta sai ka kama samfefa, in an kawo sai ka saki samfefa ka ruga wajen inji. In ka ji an yi sanarwa a lasifikar masallaci sai ka tsaya cak, kayan aiki a hannu, har sai ka tabbata ba rasuwa ba ce. Wannan rashin sukunin da ke damuna yanzu, ina zaton a wajenka na gaje shi.

Ranar Lahadin ƙarshe muka mayar da ƙofofi da gilasai, muka liƙe tagogi da fitilu da tsofaffin jaridu, fentin toka ya kwanta sumul. Sai ka ɗauko madubin Inna Adda. Ka kai shi bakinka ka huro masa numfashi, ya dushe.

"Ka ga wannan? Shi muke yaƙi da shi. Duk mai rai yana da shi, bindiga ce kawai ba a so ta samu."

Ka goge da hannun riga, ka saita bakin bindiga, ka danna. Iska ta yi ta dukan madubin, muna leƙe, kanmu a haɗe. Ko ɗigo. Ko hazo. Ka ƙara daɗewa, har injin ya tashi ya sake cikawa, madubi yana nan garau da fuskokinmu a ciki. Ka yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin rasuwar Iya Luba. Ka ce gobe a bar toka ta ƙara bushewa, jibi Talata mu yi fari.

Talata na zo da takunkumina a aljihu, na tarar da gidan a buɗe, mata suna salati. A gindin tanki ga tasa da ruwan tsatsa a ciki, bai ko gama kwanciya ba. Ka tatse shi, ka ajiye, ba ka samu zubarwa ba.

Da aka gama sutura, ga hadari ya haɗo ta gabas, mutane suka soma maganar a je a aro a-kori-kura. Alhaji Ɗan'inna ya ɗaga hannu.

"A yaye jaridun nan. Ashe Ɗan Fulani motarsa yake gyarawa, mu muna ta yi masa tsiya." Sai ya juya baya.

Da hannuna na yaye su. Makara ta zauna daram a kan ƙarafan da ka auna. Haka ka zama farkon wanda motar ta ɗauka, tana sanye da toka, ba ta kai ga farin da ka tanadar mata ba. Muna fita layi ruwa ya kece kamar ranar Iya Luba. Ina zaune a gefenka, ina jin sa yana dukan rufi, ina duban likkafaninka. Ko ɗigo bai taɓa ka ba. Wanda ya yi maganar kwalliya yana cikin masu bin mu a babur, kuma ina fatan ya lura.

A wuni na biyu na zaman makoki, muna kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, aka kawo wuta. Sai injin ya tashi da kansa a bayan gida, domin haka aka yi shi, in iskarsa ta ragu kuma ga wuta ba ya jiran umarni. Wani dattijo har ya waiga yana neman ka. Na miƙe zan je in kashe, sai saƙo ya fito daga cikin gida cewa Inna Adda ta ce a bar shi. Matar da ta shafe damina tana kuka da ƙararsa. Aka bar shi, ya riƙa tashi yana kwanciya duk makon, a cikin kwanakin da suka fi kowane laima a bana. Ni kuwa na kasa zuwa in tsuguna a inda ka yi tsugunonka na ƙarshe.

Bayan addu'ar bakwai babban ɗanka, Yaya Kamilu, wanda ke aiki a Kano, ya tara mu a zaure. Ya ce gidan babu mai fenti. Ya ce injin ya yi mako yana aiki babu mai kula, yanzu tankin ya cika da ruwa, kuma da bakinka ka sha gaya masa cewa irin wannan tanki fashewa yake. Shi ba zai koma Kano ya bar mahaifiyarsa da bam a bayan ɗaki ba. A sayar da inji, a kwance bututu, mota kuma gobe a kai ta bakin titi a shafa mata ko wane irin fari ne, unguwa ta samu abinta. Ban ce ya yi kuskure ba. Ilimin da na karanta ma yana bayansa. Amma na ga bangon nan ana kwance shi a sayar a kilo, na ga motar ta sake fesowa da ƙuraje, na ga alkawarinka ya zama abin da za a riƙa tunawa da murmushin tausayi. Na tashi na soma magana a kan amana da gadon ma'ana wanda ya fi gadon dukiya.

"Musaddiq, ba lacca na zo ji ba. Mu je ka buɗe shi a gabana. In ruwa ya fito, magana ta ƙare."

Muka je, da shi da ni da Alhaji Ɗan'inna. Na tsuguna. Na murɗa bawul, ina jiran jan ruwan da zai yanke mana hukunci. Iska ce ta fito, busasshiya, da huci. Na bi famfunan bango, na farko, na biyu, har na ƙarshe. Babu komai. Na leƙa randa, cike take da sabon ruwa. Muna tsaye muna duban juna sai muryar Inna Adda ta fito daga bayan ƙyaure, inda take zaman takaba.

"Ku daina wahalar da shi, na tatse shi da asuba."

Yaya Kamilu ya ce, "Inna, ke? Wa ya koya miki?"

"Damina guda ina kallonsa ta taga, sai an koya mini? Ni 'yar ruga ce, Kamilu. Ba a barin saniya da nono a hantsa don mai ita ya mutu." Sannan ta ƙara da cewa, "In an zo rabon gado, a sa injin da bututunsa a cikin tumunina. Randar dama tawa ce."

Yaya Kamilu ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, ni ya duba.

"Wa zai riƙe bindigar?"

"Ni."

"Ka iya?"

"Na fahimci ƙa'idar tazara da saurin hannu, da nisbar fenti da..."

"Ka iya?"

"Na fesa ƙofa da tankin babur a gabansa, bai sa na kankare ba."

"To ni zan riƙe maka tiyo." Ya soma naɗe hannun rigarsa.

Mun wanke lakar da motar ta kwaso a hanyar maƙabarta, mun bi tokar da samfefa mai laushi, mun sake liƙe tagogi. Kafin in zuba fenti na ɗauko madubin. Na tsaya da shi a hannu ina jiran wanda zai hura masa, sai na tuna. Na hura da kaina, ya dushe, na goge, na danna bindiga. Garau. Na sa takunkumi na fara daga rufi, shafi marar kauri, a bari ya sha iska, a sake bi, Yaya Kamilu yana biye da ni da tiyo a kafaɗa kada ya taɓa jiki. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta ganin ƙuraje. Da gari ya waye na kasa shiga rumfa ni kaɗai, sai da na jira Alhaji Ɗan'inna.

Ya zagaya motar kamar yadda ya zagaya ta ranar ƙyanda, hannuwa a baya, yana neman abin faɗa. Ya shafa, ya sunkuya, ya hanga ta gefe. A wajen ƙofar baya, inda ake shigar da makara, ya tsaya. Farin ya kwanta har yana mayar da hoto, ga hularsa, ga furfurarsa, ga idanunsa suna dubansa daga jikin ƙofar. Ya daɗe a haka.

"Ɗan Fulani ya rama," ya ce a hankali. "Ya bar mana madubi."

Motar tana nan yanzu a gefen masallaci, Baffa, ƙarƙashin rumfar kwano. Duk mai zuwa salla ta gabanta yake wucewa, kuma na lura mutane sun kasu biyu: masu kau da kai, da masu tsayawa su dubi fuskarsu. Ni ina cikin masu tsayawa, sau biyar a wuni, kuma har yanzu ban saba ba.

Ya Allah, ga bawanKa Idirisu ya zo maKa, Kai ne Mafi alherin wanda ake sauka a wurinSa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Ka wanke shi daga kurakuransa da ruwa da ƙanƙara da raɓa, har ya fi farin da bai samu gani ba. Ya shayar da garuruwa saboda Kai, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya suturta matattunmu daga ruwan sama, Ka suturta shi ranar da babu inuwa sai taKa. Ka sa kowace tafiyar motar nan ta zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka haɗa da Iya Luba da dukkan musulmin da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Kamilu da ƙannensa Hindatu da Khaulat, da mahaifina wanda ya rasa wa, da Alhaji Ɗan'inna wanda ya rasa abokin tsokana, da jama'ar masallacinmu, da mutanen ƙauyukan da za su aiko neman Idi Famfo a ba su labari. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Ta'aziyya mafi nauyi kuwa taki ce, Inna Adda. Kullum in na dawo daga asuba nakan rage sauri a bayan katangarku, har sai na ji wannan hucin ya fito, sannan in iya ƙarasawa gida. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Amin.

Musaddiq Sani Mu'azu
Dutse